Tor Browser da littafin da 'yan sa-kai ke rubuta masa: abin da na gani a shagona na Samaru

Ni dai shagon buga takardu da fotokofi gare ni a Samaru, kuma kun san halin mutanenmu, da an ga kwamfuta a gabanka shi kenan ka zama likitan waya, duk wanda aka yi wa kutse a Facebook ko WhatsApp ɗinsa ya ƙi buɗewa wurina zai zo. To a cikin masu zuwa ɗin nan an sha tambayata game da Tor Browser, wata burauza ce, wato manhajar buɗe shafukan intanet, wai da gaske yana ɓoye mutum ko cika baki ne kawai, wasu kuma su rage murya su ce ba na 'yan damfara ba ne? Tun 2021 nake amfani da shi, da farko jefi-jefi, yanzu kusan kullum, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na gani. Sai dai ku sani tun yanzu, fiye da rabin maganata a kan littafin jagorarsa za ta kasance, wato rubutun da ke bayanin yadda ake aiki da shi, domin ni a wurina wannan rubutun ne ya ba burauzar daraja, in ba don shi ba da tuni na goge ta.

Na fara saninsa ne lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter, daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022. Wanda yake Zariya a lokacin ya san yadda ɗalibai suka yi ta rububin VPN na kyauta, kowa ya sauke wanda ya fara cin karo da shi, talla ta cika waya batir na zuba kamar ruwa, kuma babu mai tambayar wai shin wa ke da wannan VPN ɗin, me yake yi da abin da ke bi ta hannunsa. Wani yaro ɗan ajin ƙarshe a sashen kwamfuta da ke zuwa buga furojet ɗinsa shi ya ce min, "Oga, gwada Tor mana, shi ba kamfani ɗaya ke riƙe da hanyar ba." Na sauke, na ga yana aiki amma da nauyi, na ajiye shi gefe ban wani damu ba.

Wadda ta sa na koma kansa da gaske ƙanwata ce. Wata rana bayan la'asar ta shigo shago ko sallamar kirki ba ta yi ba, ta miƙo min waya hannunta na rawa. Ashe wata ƙawarta ce ta ci bashi a ɗaya daga cikin manhajojin nan masu ba da rance ta waya, ta makara da biya kwana kaɗan, sai suka tura saƙo ga duk lambobin da ke wayarta har da hotonta, wai ɓarauniya ce ana nemanta. Ƙanwata ta ce, "Yaya, ni ma fa na taɓa karɓa a wurin irinsu, don Allah ka sa min abin nan naka mai ɓoye mutum kafin su tona min asiri a dangi." Wallahi saura ƙiris in sa mata in ce ta je ta kwantar da hankalinta, don ni ma a lokacin haka na ɗauka, ka sa Tor ka ɓace. Allah ya taimake ni na ce ta zauna tukuna, na buɗe shafin taimakonsu ina karantawa, sai ga shi ɓaro-ɓaro, Tor Browser abin da ya bi ta cikin burauzar kaɗai yake karewa, sauran manhajojin da ke kan wayar suna nan suna harkarsu yadda suka saba. A wani wurin kuma suka ƙara da cewa in ka shiga shafi ka rubuta sunanka da lambarka da hannunka, to shafin ya san ka, abin da bai sani ba kawai inda kake zaune ne. Na ce mata, "Ki yi haƙuri, wannan ba maganin ciwonki ba ne." Muka shiga saitin wayar muka cire wa manhajar izinin ganin lambobi da hotuna, na kuma faɗa mata gaskiya cewa abin da suka riga suka kwasa ya tafi, ta lallaɓa ta biya ta goge ta, in kuma suka fara barazana akwai hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, wadda tun 2022 take bin sawun irin waɗannan manhajoji.

Tun ranar nake ganin girman mutanen da suka yi wannan rubutun. Ka shiga kasuwar Sabon Gari ka ɗaga atamfa, mai shago da bakinsa ya ce maka Alhaji wannan tana zuba fa, in ta biki kake nema duba waccan, ai irin wannan ɗan kasuwar ba ka sake canza shi. Manhajoji nawa muke saukewa kullum da suke faɗa maka inda ƙarfinsu ya tsaya?

Ga wanda bai san yadda abin yake ba, bari in ɗan warware. In ka buɗe shafi da burauzar da ka saba, kamfanin layinka ya san shafin da ka je, shi kuma shafin ya ga adireshin IP ɗinka, wato lambar da ke nuna ta inda kake shiga intanet. Tor sai ya naɗe saƙonka cikin ƙulli uku, wani cikin wani kamar ɓawon albasa, shi ya sa ma tambarinsu albasa ne, sannan ya bi da shi ta kwamfutoci uku a wurare daban-daban na duniya. Ni zango nake kiran kwamfutocin nan in ina yi wa mutane bayani, kuma nan take suke ganewa. Zangon farko ya san daga inda ka taso amma bai san inda za ka ba, na ƙarshe ya san inda saƙon za shi amma bai san mai shi ba, na tsakiya kuwa maƙwabtansa biyu kawai ya sani, kowanne ɓawo ɗaya yake iya ɓarewa. Zangunan nan dubbai ne, kuma mutane ne da jami'o'i da ƙungiyoyi suke kunna su da kuɗin wutarsu da datarsu. Kamfanin layinka zai ga kana amfani da Tor, wannan littafin bai ɓoye ba, abin da ba zai gani ba shi ne inda ka je ta ciki.

In na ce 'yan sa-kai kar hankalinku ya tafi ga masu tsaron ƙauye da bindigar toka, na san yanzu a Arewa kalmar can ta karkata, ni ma'anarta ta asali nake nufi, mutumin da ya sa kansa aiki ba don a biya shi ba. Ƙungiyar da ke kula da Tor, wato Tor Project, ba ta neman riba, an yi mata rajista a 2006, kuma tana da ma'aikatanta masu albashi, ba zan ce komai kyauta ake yi ba. Amma asalin rubutun bayanan a buɗe yake a GitLab ɗinsu, wato shafin da suke ajiye aikinsu, kowa na iya ganin yadda aka rubuta layi, wa ya canza shi, yaushe, kuma in ka ga kuskure kana iya kai rahoto ko ka kawo gyara a duba. Fassara kuwa a wani shafin masu fassara mai suna Weblate ake yinta, jimla bayan jimla, galibi mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba ne, wani a wannan ƙasa wani a waccan, wani ya fassara wani ya bi baya ya duba, akwai kuma ƙungiyar Localization Lab da ke haɗa irin waɗannan masu fassara da manhajojin tsare sirri. Na taɓa zama dare guda ina bin tarihin gyaran wani shafi ɗaya, sai ka ga wani ya zo ya gyara harafi ɗaya tak ya tafi, wani ya canza hoto saboda maɓallin ya koma wani wuri, wani ya ce wannan jimlar tana rikita sabon shiga a sauƙaƙa ta. Aikin da babu mai tafa maka a kai, kamar mai share masallaci kafin asuba.

Akwai daren da littafin ya fitar da ni kunya. Laftof ɗin shago tsohuwa ce ta hannu, kuma ɗan ƙaramin batirin nan na ciki mai riƙe agogo ya daɗe da mutuwa ban kula ba. An ɗauke wuta tun azahar, babban batirin ma ya ƙare, sai bayan isha'i aka kawo, ga wani abokina ɗan jarida zaune a kan benci yana jira, yana so ya binciki wasu abubuwa kan rahoton da yake haɗawa kuma ba ya so binciken ya fito ta layinsa. Na kunna, na buɗe Tor, layin nan mai nuna haɗuwa ya ɗan motsa ya tsaya cak. Na rufe na buɗe, haka. Na canza layi na kunna hotsifot na ɗaya wayar, haka. Har na fara cewa ko toshe shi aka yi. Sai na tuna a na kwamfuta littafin yana cikin burauzar kanta, ko babu intanet in ka rubuta about:manual a wurin adireshi zai buɗe. Na shiga ɓangaren warware matsala, abu na farko da suka lissafa shi ne ka tabbata agogon kwamfutarka daidai yake, in ba haka ba Tor ba zai haɗu ba. Na kai ido ƙasan sikirin, kwanan watan ya koma shekaru baya, ranar da aka ƙera injin ko makamancin haka. Na gyara, ko minti ɗaya ba a yi ba ya haɗu. Abokina ya ce, "Malam, shi kenan abin?" Na ce shi kenan. Daga baya na fahimci dalilin, jerin zangunan da Tor ke saukewa yana da wa'adi na awanni, in agogonka ya karkace sai ya ga kamar jerin ya lalace ko lokacinsa bai zo ba, sai ya ƙi yarda da shi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne wani a wata ƙasa ya san akwai masu tsofaffin kwamfutoci irin tawa, ya sa maganar agogo a sama kafin duk wani dogon bayani, kuma wani ya yi tunanin cewa mutumin da ya kasa haɗuwa ai ba zai iya buɗe shafin taimako a intanet ba, to a cusa masa littafin a ciki.

Wani abin da littafin ya koya min shi ne maganar farin fili ko toka-toka da ke zagaye shafi in ka buɗe burauzar ta cika sikirin. Wata ɗaliba ta taɓa leƙowa ta ce, "Malam, kwamfutarka ta samu matsala ne?" Ashe da gangan ne. Shafuka suna iya gane ka ko ba ka faɗi sunanka ba, ta girman sikirin ɗinka, irin haruffan da ke kwamfutarka, harshenka, lokacin garinku, in aka haɗa su sai su zama kamar tsagar fuska, daga gani an san ɗan gidan wane ne. To Tor anko yake sa wa masu amfani da shi, kowa ya fito da kaya iri ɗaya, har girman tagar sai ya daidaita shi zuwa wasu 'yan ma'aunai da mutane da yawa suka yi tarayya a kai. Shi ya sa suke gargaɗi kar ka ƙara masa wasu ƙananan manhajoji na burauza, don in kowa ya sa anko kai ka ɗora jar hula ai an gane ka. Suna kuma hana sauke fim ta torrent a kansa, wato hanyar nan ta raba manyan fayiloli tsakanin mutane, saboda manhajojin torrent sukan fallasa adireshinka na gaskiya kuma suna cika hanyar da nauyi, sannan takardar da ka sauke irin PDF ko Word ka yi hattara da buɗe ta da wata manhaja alhali kana kan intanet. Matakan tsaro uku ne, na yau da kullum, na tsakiya, da mafi tsanani wanda ke kashe JavaScript a duk shafuka, wato lambobin umarnin da shafi ke kunnawa a cikin burauzarka, a wannan na ukun shafuka da yawa ba za su yi aiki yadda ka saba ba, kuma an faɗa maka haka tun kafin ka danna.

Yanzu inda bai yi daɗi ba. Yana da nauyi, wannan babu makawa tunda saƙonka zagaye yake yi, in sabis ya yi rauni kamar yadda yake yi mana da yamma in kowa ya hau, to sai ka yi haƙuri, bidiyo kam ban ba ka shawara ba. Shafuka da yawa in sun ga ka fito ta zangon Tor sai su yi ta tambayarka ka zaɓi hoton mota ko fitilar hanya, wasu ma su rufe ƙofa gaba ɗaya. Kar ka shiga bankinka da shi, kar ka yi rajistar makaranta ko biyan kuɗi da shi, za su ga kamar daga wata ƙasa ake shiga su kulle maka akawun, kuma dama can sun san ka, babu abin ɓoyewa. Saukewa yana cin wajen megabait 100, ga sabuntawa kusan duk wata tunda a kan Firefox aka gina shi kuma yana bin gyare-gyaren tsaronsa, ga mai sayen data ta kwana ɗaya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masu iPhone babu Tor Browser nasu, Onion Browser ake nuna musu, kuma su kansu sun ce kariyarsa ba ta kai ta ainihin ba saboda ƙa'idojin Apple kan injin burauza. Na Android ya fito sosai tun 2019. Sannan in an kashe sabis ɗungurungum, irin yadda aka yi a Zamfara a farkon Satumbar 2021 da wasu sassan jiharmu ta Kaduna daga ƙarshen watan, to babu Tor babu VPN, hanya ce babu ita kwata-kwata.

A littafin kuma ɓangaren da na ga ya fi ƙarfin talaka shi ne na tantance sa-hannun fayil ɗin da ka sauke, don ka tabbata ba jabu aka ba ka ba. Bayanin daidai yake, na bi shi ya yi, amma sai ka sauke wata manhaja mai suna GnuPG ka buɗe baƙin allon nan ka riƙa rubuta umarni, mutum goma da ke shigowa shagona da wuya a samu ɗaya da zai kai ƙarshe. Abin da nake gaya musu kawai su sauke daga shafin Tor na asali ko daga Play Store su duba sunan wanda ya wallafa, kar su karɓa ta Xender a hannun wani.

Sai tambayar da dattawa suka fi yi, wani Alhaji mai kawo min takardun fili ya ce, "Yaro, an ce abin nan na sojan Amurka ne, ta yaya za ka ba kura ajiyar nama?" Tambaya ce mai kyau kuma bai yi ƙarya ba a tushen. Dabarar naɗin albasar a ɗakin binciken sojan ruwan Amurka aka fara ta a tsakiyar shekarun 1990, Paul Syverson na cikin waɗanda suka fara, daga baya Roger Dingledine da Nick Mathewson suka haɗu da shi aka kunna hanyar Tor a 2002, kuma shekaru da dama kaso mai yawa na kuɗin ƙungiyar daga hukumomin gwamnatin Amurka yake fitowa, su ma suna wallafa rahoton kuɗinsu. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, abin da ya kwantar min da hankali shi ne an buɗe cikinsa, duk mai ilimin abin a duniya yana iya dubawa, kuma zangunan ba a hannun mutum ɗaya suke ba." Bai gamsu sosai ba, ni ma ban matsa ba. Masu mugun aiki suna amfani da shi, gaskiya ne, kamar yadda suke hawa babur suke riƙe waya. Amma ni waɗanda na gani da idona su ne ɗan jarida, da matar da ke son karanta bayani kan wata lalurar mata ba ta so talla ta riƙa binta a wayar da yara ke ɗauka, da yaron da ke neman inda zai kai ƙarar wanda ke cin zarafinsa. BBC ma tun 2019 take da shafinta na albasa, wato wanda ta Tor ake shigarsa, saboda ƙasashen da ake toshe ta.

Na ɗan gwada Tails shi ma, wanda tun Satumbar 2024 suka haɗe da Tor Project. Shi cikakken tsarin kwamfuta ne da kake ɗorawa a filas mai gigabait 8 ko fiye, ka tayar da kwamfuta daga kansa, in ka kashe ya manta komai sai abin da ka ajiye a ma'ajiyarsa mai kulle. Bayanan shigar da shi sun fi na kowa bin mutum daki-daki, kuma suna da shafi guda na gargaɗi kan abin da ba zai iya ba, misali ba ya goge bayanan da ke maƙale a cikin hoto ko takarda da kansa, kuma in an dasa wa kwamfutar na'urar leƙen asiri a jikinta to ba ruwansa.

To ga inda abin ya fi ci min rai. Ka buɗe jerin harsunan littafin, akwai Larabci, Faransanci, Farisanci, Rashanci, Sinanci, Turkanci, har Kiswahili, na duba sama na duba ƙasa babu Hausa. Kuma ba zan ɗora wa kowa laifi a waje ba, ƙofar a buɗe take, su waɗancan harsunan masu su ne suka zauna suka yi. A Afrilun 2025 da sigar 14.5 ta fito an ƙara wa burauzar harsuna uku, ciki har da na Bulgeriya, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 7 ba. Mu kuma muna nan miliyoyi barkatai daga nan har Nijar da Ghana da Sudan, a Zariyar da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, garin da Kamfanin Gaskiya yake, garin da ake yin digiri har na uku a kan Hausa a ABU. Kullum in na bi ta wajen Gaskiya a kan hanyar zuwa Tudun Wada sai abin ya dawo min. Kuma ba wai ba mu iya aikin sa-kai ba ne, ga Wikipedia ta Hausa nan yaranmu sun tara maƙaloli dubun-dubata.

Shi ya sa a farkon 2025 muka fara zama mu uku a shagon duk Asabar bayan la'asar, ni da yaron nan da ya fara nuna min Tor, yanzu ya gama hidimar ƙasa ya dawo, da wata malama mai koyar da Hausa a sakandare wadda ke kawo min buga jarrabawa. Mun ce mu fara da shafi huɗu a takardarmu tukuna kafin mu je Weblate, don ba a sakin harshe sai fassarar ta yi nisa an kuma duba ta, kuma ba ma so mu buɗe abu mu bar shi rabi. Na ɗauka wata ɗaya ya ishe mu. Asabar ta farko gaba ɗayanta a kan kalma ɗaya ta ƙare. Akwai zangunan da ba a sa su a jerin da kowa ke gani ba, waɗanda ake bi in an toshe Tor a ƙasa, irin su obfs4 da Snowflake da WebTunnel, a Turance sunan gada suka ba su. Yaron ya ce mu sa gada kawai. Ni na ce ɓarauniyar hanya ta fi fito da ma'anar, don abin da take yi kenan, kaucewa shingen da ke kan babban titi. Malamar ta ajiye biro ta ce, "A'a Malam, kullum kana faɗa da masu cewa abin na ɓarayi ne, sannan ka sa ɓarauniya a shafin farko? Uwar da ta ga wannan a wayar 'yarta ƙwace wayar za ta yi." Na yi shiru don ta fi ni gaskiya. Ta kuma ce gada ita ma ba ta gamsar da ita ba, don Bahaushe in ya ji gada ruwa yake tunani, ba ɓuya ba. Muka rubuta duka biyun da fensir muka wuce.

Ita ce kuma ta kawo dabarar da ta fi amfanar mu, duk shafin da muka gama sai ta tafi da shi gida ta karanta wa yayarta da ke sana'ar ɗinki, wadda ke amfani da waya sosai amma ba ta yi boko mai zurfi ba, duk inda ta ce "me ake nufi?" sai a ja layi. Shafinmu na farko ya dawo da layi goma sha ɗaya. Wurin da muka rubuta "ɓoye bayanai ta hanyar lissafi" ta ce ita ba ta gane ba, da aka ce mata saƙon ne ake kullewa sai mai makulli zai buɗe, ta ce to ku rubuta haka mana.

Darasin da ya fi zafi kuwa a Afrilun 2025 ya zo. Mun gama shafin Android tsaf, mun ɗauki hotunan sikirin ɗaya bayan ɗaya mun yi musu kibiya da ja, yadda za ka shiga saiti ka zaɓi gada da hannunka in ya ƙi haɗuwa. Sai ga 14.5 ta fito ta kawo wa Android abin nan mai nemo maka gada da kansa in ya ga an toshe hanya, wanda na kwamfuta ke da shi tun 2022. Abu ne mai kyau ƙwarai ga mai amfani, amma fuskar haɗuwar ta canza, rabin hotunanmu da bayaninmu suka zama tsohon yayi a dare ɗaya. A nan na gane rubuta littafin shi ne mai sauƙin, riƙe shi ne aikin. A Weblate in aka taɓa jimlar Turanci sai fassararta ta fito da alamar tana buƙatar dubawa, a kowane harshe, kuma dole wani ya dawo ya duba, wata bayan wata, shekara bayan shekara, ba albashi. Bayanin tsaro da ya tsufa kuwa ya fi babu haɗari, don mutum zai bi shi da yarda. Yanzu duk shafin da muka rubuta muna sa lambar sigar da kwanan wata a samansa, kuma mun rage hotuna mun ƙara bayanin abin da mutum zai nema da ido.

In maki ake so, burauzar ina ba ta 7 cikin 10 a yanayinmu na nan, nauyi da cin data ne suka rage mata, littafin kuwa 9, ɗayan na riƙe shi har ranar da zan buɗe jerin harsuna in ga namu. Wanda ke son ya karanta abu ba a bi sawunsa ba ya sauke, amma don Allah ya ba littafin minti talatin kafin ya fara, musamman ɓangaren da ke faɗin abin da ba ya karewa. Wanda kuma matsalarsa manhajar rance ce ko wanda ya san lambar sirrin wayarsa a gida, ya zo mu duba saitin wayar, wannan wani aikin ne daban.

Mu dai yanzu muna shafi na shida, mun zama mu biyar, an samu wata ɗalibar sashen harsuna da wani mai gyaran waya daga PZ wanda ya fi mu sanin kalmomin da masu kawo gyara ke faɗa da bakinsu. Asabar mai zuwa shafin sabuntawa za mu kama in an bar mana wuta, in ba a bari ba akwai fetur kaɗan a janareta. Maganar gada har yau da fensir take, mai gyaran wayar ya kawo "hanyar bayan gida" aka ce a'a saboda abin da kunne zai fara ji, malamar kuma ta ce a ba ta mako ɗaya za ta tambayi wani tsohon malaminta a cikin birni da ya yi aikin fassara a gidan rediyo.